Daga Bola zuwa Taska: Darajar Kayan Wasan Masana'anta da Abin da Gure ke Koya Mana

1.0 Gabatarwa

Wannan ƙasida za ta yi ƙoƙarin amsa tambaya guda: mene ne ke sa abin wasan da masana'anta ta ƙera dubu bisa dubu ya wayi gari abin tarawa, har a saye shi da kuɗin da ya ninka na asali nesa ba kusa ba? Za mu fara da ƙasashen da al'adar ta kafu, sa'annan mu dawo Gure, cikin jihar Damagaram, inda kayan wasan suka iso amma tarawar ta bi wata hanya dabam.

2.0 Sharuɗɗan tarawa

A littafinsa na 1979, Michael Thompson ya kasa kaya gida uku: masu raguwar daraja, masu ɗorewar daraja, da shara. A ganinsa, abu ba ya tsallakawa daga gida na farko zuwa na biyu sai ya biya ta bola, wato sai an yi watsi da shi an manta. Idan muka ɗora wannan ra'i kan kayan wasa, sharuɗɗa huɗu ke fitowa.

Na farko, ƙaranci. Ƴan motocin Dinky Toys (tun 1934), Matchbox (1953) da Majorette ta Faransa (1961) an ƙera su da yawan gaske. Yara ne suka karya su, iyaye suka share, har wanda ya tsira ya zama abin nema. Ke nan ɓarna ce ta haifar da ƙarancin, ba masana'anta ba.

Na biyu, lafiyar abin da shaidar asalinsa. A watan Yuli na 2021 an yi gwanjon kwafi guda na wasan bidiyo Super Mario 64, na 1996, kan dalar Amurka miliyan 1.56. An sayar da miliyoyin irinsa. Abin da aka saya shi ne kwalin da ba a taɓa buɗewa ba.

Na uku, bege. Yaron jiya ya girma, ya sami abin hannu, yana neman abin da ya rasa ko wanda aka hana shi.

Na huɗu, tsari: kundin da ya lissafa kowane samfuri, masu tantancewa, da gidajen gwanjo. Kamfanin Panini na Italiya ya gane haka da ya fitar da kundin hotunan ƴan ƙwallon gasar duniya a 1970. Gurbin da ba a cike ba shi ke tura mai tarawa kasuwa.

Abin da ke tabbatar da ra'in Thompson shi ne labarin ƴan tsanar Beanie Babies a Amurka. Mutane sun saye su don ajiya, ba don wasa ba, suka killace su da lasisinsu. Da yake kowa ya ajiye, ba a sami ƙaranci ba, kasuwar kuwa ta faɗi wajen 1999 zuwa 2000. Abin da bai shiga bola ba, da wuya ya shiga taska.

3.0 Yadda kayan suka iso Gure

Gure tsohuwar fadar Muniyo ce. Lokacin da Heinrich Barth ya yada zango a can cikin Disamba 1852, kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, ya tarar da garin sarauta mai hulɗa da fatake. Saboda haka kayan waje ba baƙi ba ne a wurin. Abin da ya sake a ƙarni na 20 shi ne yawansu da araharsu. Jirgin ƙasa ya kai Nguru a 1930, ya matso da hajar Kano kusa da ƙasar Mangari. Bayan 1986 darajar naira ta yi ta faɗuwa, kayan roba na Najeriya suka yi sauƙi ga mai sefa. Karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994 ya ƙara tsadar kayan Faransa, daga bisani kuma hajar ƙasar Sin ta cika kasuwanni.

Amma kafin motar roba da ludo da karta, yaran yankin suna da nasu: motar kara da ta gwangwani, shanu da raƙuman laka, ƴar tsana ta ƙashi ko ta kara, da gare. Manya kuma na da dara, mai gurbi 30 da ƴaƴa 12 ga kowane ɗan wasa, wadda ake haƙa wa gida a rairayi a share bayan an tashi. Waɗannan wasanni ba su bar kaya ba, gwaninta suka bari. Ta haka abin wasan masana'anta ya shigo cikin al'adar da ke ganin abin wasa na amfani ne: a yi da shi, a miƙa wa ƙane, a cire ƙafafunsa a ɗaura wa motar gwangwani. Sharaɗi na farko ya cika sarai, domin ɓarnar ta yi yawa. Na biyu da na huɗu ne suka gaza: babu mai ajiye kwali, babu kundi.

4.0 Inda tarawar take

Kuskure ne a ce mutanen yankin ba su san tarawa ba. Duk wanda ya shiga ɗakin amarya a ƙasar Hausa ko Barno ya ga jere. Kwanoni da kwalla da langa, kayan masana'anta ne da aka riƙa shigowa da su daga Cekosulobakiya da Hon Kon, kafin a kafa masana'antunsu a Legas da Kano wajen shekarun 1960. Sun maye gurbin ƙorai, su ma daga baya samira da tangaran suka ture su. Barbara Cooper ta tattauna kayan ɗaki a nazarinta na aure a Maraɗi (1997), Editha Platte kuma ta yi nazarin ɗakunan matan Barebari (2004).

Jere ya cika yawancin sharuɗɗan da muka zana. Ana tara shi saiti-saiti, ba a cin abinci a cikinsa, ana goge shi, mata kuma sun san darajar kowane iri. Bambancin guda ne: mai tara Dinky tsufa yake saye, mai jere kuwa sabunta. Jere asusu ne da ake iya sayarwa ranar buƙata, kuma shaida ce ta yawan dangi da ƙawaye. Da yayi ya wuce, kwalla sai ta koma wanke-wanke, wato ta faɗa gida na uku na Thompson.

Abin mamaki kuma, Turawa da suka tara kayan wasan Afirka ta Yamma, na hannu suka nema. Littafin Charles Béart mai juzu'i biyu, wanda cibiyar IFAN ta Dakar ta buga a 1955, misali ne. Abin da yaron Gure ya raina don yana iya ƙera wani gobe, shi ya shiga kundi; motar robar da ya yi wa kuka kuwa babu wanda ya rubuta ta.

5.0 Kammalawa

Darajar tarawa ba a jikin abu take ba, tana ga jama'ar da suka yarda su lissafa shi, su adana, su ba da labarinsa. Abin da muke shirin asara ba kuɗin gwanjo ba ne, tarihin ƙuruciya ne da na cinikin kan iyaka. Muna ba ɗalibanmu shawara su fara kundi: sunan kowane abin wasa da kwano da Hausa da Barbarci, kasuwar da ya fito, farashinsa, da shekarun yayinsa, daga bakin ƴan koli da tsofaffin mata. Kayan suna cikin bola yanzu, kuma wannan ne kaɗai lokacin da tsinto su ke da araha.