Tarihin Robar Cikin Mota da Yadda Aka Fara Yi Mata Fenti

Motocin farko da aka ƙera a Turai da Amurka ba su da roba a cikinsu. Maƙeran keken doki ne suka riƙa gina jikinsu, da kayan da suka saba da su: katako, fata, ƙarfe da tagulla. Allon da ke gaban direba ma gadon keken doki ne, inda aikinsa shi ne tare taɓon da kofaton doki ke watsowa. Daga baya ne aka liƙa masa agogon gudu da na mai, ya zama dashbod ɗin da aka sani yau. Fenti kuwa da buroshi ake shafa shi, shafi bisa shafi, ana gogewa ana jira, har mota ɗaya takan yi makonni kafin ta bushe.

Wannan jira ya dami masu masana'antu. Daga 1914 zuwa 1925 kamfanin Ford bai fitar da motarsa Model T da wani launi ba sai baƙi, wanda ake gasawa a tanda, mai arha da ƙarko. Sauyin ya zo ne daga kamfanin DuPont da fentinsa mai suna Duco, wanda General Motors ya fara sa wa motar Oakland ta 1924, shuɗiya. Duco kan bushe cikin sa'o'i, kuma fesa shi ake yi da bindigar feshi irin wadda Thomas DeVilbiss ya gyara a 1907 daga abin fesa magani a maƙogwaro da mahaifinsa, wanda likita ne, ya ƙirƙiro. A shekarun 1930 dashbod ya koma na ƙarfe, ana fesa masa launin jikin mota, ko a zana masa jijiyoyin katako don ya yi kama da na masu kuɗi. A lokacin babu wata matsala, domin ƙarfe ba ya gardama da fenti.

Roba ta shigo ne ta ƙananan abubuwa. A 1907 Leo Baekeland, ɗan asalin Beljiyam mazaunin Amurka, ya haɗa Bakelite, roba ta farko da ba daga itace ko dabba aka samo ta ba. Ba ta narkewa da zafi, lantarki ba ya ratsa ta, don haka ta dace da kan giya da maɓallai da wasu sassan wutar inji. A 1926 Waldo Semon na kamfanin B.F. Goodrich ya gano yadda ake tausasa PVC, wadda a da busasshiya ce marar amfani, kuma ita ce ta zama ledar da ta maye gurbin fata a kujeru da bangon ƙofa bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Abin da ya kori ƙarfe daga gaban direba shi ne jini. Claire Straith, wani likitan gyaran fuska a Detroit, ya gaji da ɗinke fuskokin da dashbod da maɓallansa masu tsini suka yayyaga, tun shekarun 1930 ya riƙa kiran a sa wa wurin laushi. Motar Tucker ta 1948 ta amsa kiran, amma guda 51 kawai aka ƙera kafin kamfanin ya durƙushe. Ford ya sayar da dashbod mai soso a 1956 ga wanda ya ga dama ya ƙara kuɗi. Sai da littafin Ralph Nader na 1965 kan haɗarin motoci ya tayar da ƙura, majalisar Amurka ta yi dokar lafiyar motoci a 1966, sannan daga 1968 laushin ya zama dole. Tsarin da aka tsaya a kai hawa uku ne: ƙashi mai tauri a ƙasa, soso a tsakiya, leda a sama. Tsadar man fetur ta 1973 ta ƙarasa aikin, domin kowane kilo da aka rage wa mota ragin shan mai ne, roba kuwa ta fi ƙarfe sauƙin nauyi nesa ba kusa ba.

Robobi biyu ne suka mamaye cikin mota, kuma halinsu ya bambanta. Ta farko ita ce ABS, wadda ta shiga kasuwa a 1954. Tana da tauri da sheƙi, tina na ɗan cin samanta, saboda haka fenti na kama ta. Ta biyu ita ce folifirofilin, wadda ake taƙaitawa PP. Giulio Natta ne ya haɗa ta a Italiya a 1954, kamfanin Montecatini ya fara sarrafa ta a 1957, kuma a 1963 Natta da Karl Ziegler na Jamus suka sami kyautar Nobel. Tana da arha, ba ta da nauyi, sinadarai ba sa cin ta, shi ya sa ta cika bangon ƙofa da murfin ginshiƙai da akwatin tsakiya. Amma wannan juriyar ita ce cikas. Samanta ba ya karɓar komai. In aka ɗiga mata ruwa sai ya dunƙule, kamar yadda yake yi a kwanon da aka zuba man gyaɗa. Masana'anta ba ta damu ba, domin tun robar tana narke ake zuba mata launi, a ɗura ta a mazubin da aka sassaƙa wa zanen fata, ta fito a gama. Ba a yi ta don a yi mata fenti ba. Inda fentin ya zama dole, sai a gifta mata harshen wuta don a sauya yanayin samanta, ko a fara fesa mata wani siririn shafi mai sinadarin kulorin wanda ke riƙe roba ta ƙasa, ya riƙe fenti ta sama. Wannan shafin riƙo ne ginshiƙin sana'ar yi wa robar mota fenti gaba ɗaya.

Saura kayan feshi da mutum zai iya riƙewa a gida ba tare da kwamfiresa ba. Erik Rotheim na ƙasar Norwe ya yi rajistar gwangwanin feshi a shekarun 1920, amma bai yaɗu ba sai da sojojin Amurka suka yi amfani da irinsa wajen kashe sauro a Yaƙin Duniya na Biyu, bisa aikin Lyle Goodhue da William Sullivan na 1941. A 1949 Edward Seymour, a garin Sycamore na jihar Illinois, ya ɗura fenti a ciki, bisa shawarar matarsa, kuma launin farko ruwan azurfa ne.

Buƙatar ta bayyana ne da motocin roba na farko suka tsufa. Dashbod ɗin motar da aka ajiye a rana yakan haura digiri 70. Zafi na fitar da man da ke tausasa leda, wanda yana cikin abin da ke yi wa gilashin gaba hazo ta ciki, sai ledar ta bushe ta tsage. Hasken rana kuma na cin PP har ta koɗe ta yi fari-fari. Masu raya tsofaffin motoci a Amurka da Turai, waɗanda ba kullum suke samun sashe mai launin da suke nema ba, su ne suka buɗe kasuwar fenti mai lanƙwasa da ake kira rinin leda. Daga baya samari masu ƙawata mota suka shigo da ja da shuɗi da ruwan azurfa. A ƙarshen shekarun 1990 wasu kamfanonin Turai suka ƙara wa masu gyara aiki da kansu: suka shafa wa maɓallai da hannun ƙofa wani fenti mai laushin taɓawa, wanda bayan shekaru ya riƙa danƙo yana saɓulewa, sai an kankare shi an sake.

Hanyar da gogewa ta tabbatar ba ta da wani sirri, haƙuri take so. Ana cire sashen daga mota, a duba bayansa, inda masana'anta ke buga sunan robar, PP ko ABS. A wanke da sabulu sosai, a goge da sinadarin cire maiƙo, domin man ƙyalli mai silikon da ake shafa wa dashbod shi ne babban abokin gabar fenti. Ɗigonsa kaɗan ya isa ya sa fentin ya yi ramuka. Sannan a ɗan dirje da samfefa mai laushi, ba har zanen ya shafe ba, a fesa shafin riƙo, a bi da fenti siriri sau biyu ko uku, a wuri mai iska, da takunkumi a hanci. Mafi yawan aikin da ya ɓare, a wanki aka yi ha'inci, ba a feshi ba.

A Najeriya, tun zamanin Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, maganin da direbobi suka sani shi ne shimfiɗa wa dashbod kafet ko ƙyalle mai gashi. Da motocin hannu suka kwararo daga Turai ta Kwatano da Legas tun ƙarshen shekarun 1980, robobinsu sun riga sun sha shekaru kafin su gamu da ranar Kano ko Kaduna. Mai mota kan nufi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman sashen da aka ciro daga wata motar, in bai samu ba ya kai wa mai fenti. Mai fentin da ya koyi aiki a kan ƙarfe kuwa, in ya fesa wa PP fentin jikin mota kai tsaye, farce kaɗai ya isa ya ɓare shi.

Wurare biyu ne ƙwararru ke gujewa. Ba a sa fenti mai sheƙi ko mai haske a saman dashbod, domin yana dawo da rana a gilashi ya kashe wa direba ido, shi ya sa masana'antu ke yin wurin da launi mai duhu marar ƙyalli. Murfin jakar iska kuma, a sitiyari da gaban fasinja, an yi shi ne ya tsage a wani layi da aka raunana da gangan, don haka ba a yi masa fenti.