Fawa da Jima a Ƙasar Tambuwal da Kebbe, da Tarihin Masu Duba Su

Duk wanda ya san ƙasar da ke kudu da Sakkwato, tun daga Dogon Daji da Tambuwal, inda babbar hanya ta miƙe zuwa Jega, har ya zuwa Kebbe da Kuchi, inda Gulbin Zamfara ya ratso daga wajen Gummi, ya san cewa bayan gero da dawa babu wata dukiya da talakan wurin ya dogara da ita kamar jar akuya. Fatar wannan akuya ce, saboda laushinta da ƙarfinta, fatake suka riƙa kaiwa Kano, daga can ayarin raƙuma ya ƙetare Sahara da ita zuwa Gadamus da Tarabulus, har ta isa hannun masu yi wa littattafai bango a Turai, waɗanda suka jingina ta ga Maroko don ba su san mafarinta ba. Cinikin kansa an sha ba da labarinsa. Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne, sana'ar da farkonta jini ne, tsakiyarta wari, ƙarshenta kuwa haja mai tsada, wane ne ya kasance yana tsaye a kanta don kada ta ɓata gari, kada ta cuci mai yin ta ko mai cin namanta, kada kuma a ha'inci mai saye.

Bayan jihadi, sa'ad da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna a Tambuwal ya mai da ita ribaɗi, watau garin tsaron iyaka, abin da shugabannin daula suke buƙata ga irin wannan wuri ya wuce mayaƙa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin littafinsa Usulus Siyasa, ya ɗora wa shugaba alhakin rayar da masu sana'a a garuruwa, domin garin da ba shi da maƙeri da mahauci da majemi da baduku ba ya iya ɗaura sirdi, balle ya yi guga ko salka ko kube. Ta fuskar hukunci kuwa, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi bayanin aikin hisba, wanda ya haɗa da hana algus da tauye mudu da kawar da abin da ke cutar da jama'a a kan hanya da cikin kasuwa. Wannan shi ne tsarin da ke cikin littafi. Amma a garuruwan da ke nesa da fadar Sarkin Musulmi, inda ba kowace kasuwa ce ke da muhtasibi ba, nauyin ya sauka ne a kan sarautun da jihadi ya tarar bai rushe ba: Sarkin Kasuwa, Sarkin Fawa, da shugaban majema.

A dubi mahauta da sassafe ranar kasuwa. Ba a kayar da sa ko akuya sai Sarkin Fawa ko wakilinsa ya gan ta a tsaye, domin dabbar da aka kawo a kwance abar tuhuma ce. Ba mahauci ke yanka ba, sai malamin da aka amince da addininsa. Bayan an feɗe kuma a duba hanta da huhu da saifa, wadda aka ga ta ɓaci a hana ta zuwa kan faifai. Jini da dattin tumbi suna da wurin zuba su, angulaye kuma suna jira. Ta haka mutum ɗaya, ba da takarda ko hatimi ba, yake riƙe da halaccin nama da lafiyar mai ci da tsabtar wuri gaba ɗaya, kuma abin da ke hannunsa na horo shi ne ya hana mahauci yanka, wanda a ƙaramin gari daidai yake da hana shi abinci.

A nan akwai wata mas'ala ta fiƙihu da ta yi wa mutane aikin da la'alla ba su lura da girmansa ba. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ɗalibi yake karantawa a Risala tun yana yaro, fatar mushe ko an jeme ta ba a salla a kanta, ba a kuma sayar da ita, iyakarta a yi amfani da ita a wasu buƙatu. Fuƙaha'u sun gina hukuncin a kan najasa. To, amma likitocin dabbobi sun tabbatar daga baya cewa ciwon saifa, wanda ke kashe dabba farat ɗaya, ƙwayarsa tana zama a fata da gashi da ƙasa shekara da shekaru, kuma mafi yawan mutanen da yake kamawa masu feɗe mushe ne da masu taɓa fatarsa. Saboda haka hukuncin da ya rage wa fatar mushe daraja a kasuwa ya zama katanga tsakanin majemi da ajalinsa, alhali babu wanda ya taɓa ganin ƙwayar cutar da idonsa.

Majema kuwa, bisa al'adar garuruwan Hausa, gefen gari ake kai ta, kusa da ruwa, nesa da masallaci da rijiyar sha, kuma wannan ma yana da tushe a ƙa'idar malamai ta gusar da cuta daga maƙwabci. Aikin ciki jere yake, ba a tsallake mataki. A jiƙa fata ta yi laushi, a tsoma ta a ruwan toka ko farar ƙasa har gashi ya saki, a shimfiɗa ta bisa gungume a kankare da kartaji, a sa ta cikin ruwan kashin kaji ko na tsiron fataka don ta saki jiki, sa'an nan ta kwana a ruwan bagaruwa da aka daka, ana juyawa ana matsewa, har jima ta ratsa ta. Daga nan sai mai, sai rini: karan dafi ya ba da jan nan da aka san Sakkwato da shi, kuloko ya ba da baƙi, gangamau ya ba da rawaya. Gwani yakan yanki bakin fata ya duba, in ya ga farin zare a tsakiya ya san bagaruwa ba ta kai ciki ba, fatar za ta bushe ta karye a hannun baduku, sunan majemar kuma ya ɓaci a Jega da Kano.

Kada mai karatu ya ɗauka zamanin nan babu aibi. Aibinsa biyu ne, kuma manya. Na farko, mai duba aiki ɗan sana'ar ne, yana kuma da rabo a cikinta, har Shehu Usmanu a Kitabul Farƙi ya lissafa karɓar nama daga mahauta a kasuwa cikin zaluncin sarakunan da ya yaƙa. Wanda kuwa yake cin tsoka daga kowace dabba da aka yanka, da wuya ya ce a binne wadda ya ga alamar ciwo gare ta. Na biyu, tsarin ya kula da mai saye da maƙwabci, amma jikin ma'aikaci bai shiga lissafi ba. Hannun majemi da farar ƙasa ta cinye, da ƙafarsa da ta tsattsage a cikin ruwan jima, an ɗauke su ƙaddarar sana'a, sana'ar da ma ba a cika ba mai yin ta 'ya ba.

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911, sai fata ta juya baya ga Sahara ta fuskanci Ikko, kuma abin da kamfanonin Turai suka fi so shi ne ɗanyar fata busasshiya, su jeme da kansu. Nan hankalin hukuma ya koma kan kyan haja. Aka ga cewa fatar da aka shanya a ƙasa cikin rana takan ƙone a sama ta ruɓe a ciki, wuƙa mai tsini kuma takan huda ta wajen fiɗa, sai aka fito da malaman fata suna zagaya kasuwanni, suna koya wa mahauta fiɗa da wuƙa mai zagayayyen baki da shanya a rataye cikin inuwa, suna buga hatimi a kan wadda ta cika sharaɗi. A 1942 aka yi wa fatu da ƙiraga doka tasu. Har fiɗiye bunsuran da ba ja ba aka yi a lardin Sakkwato don kada irin ya gauraya. Lafiyar dabba aka ba malamin dabbobi, wanda allurarsa ke fitowa daga ɗakin binciken Vom da aka kafa a 1924. Tsabtar gari da mahauta kuwa aka ba duba-gari, bisa dokar lafiyar jama'a ta 1917, aka kuma buɗe makarantar horar da su a Kano a 1932. Tsofaffi har yau suna tuna yadda mata kan ruga su wanke randa in an ce ga shi nan tafe.

Lalle an sami ilimi da ba a da shi a da, an kuma sami mai duba wanda albashinsa daga baitulmali yake fitowa. Sai dai abin da ke hannu ɗaya ya rabu uku, kowane da ofishinsa da shugabansa, majemin gida kuma, da yake hajarsa ba ta jirgi ba ce, ya faɗa tsakani babu mai tambayarsa. Bayan mulkin kai rarrabuwar ƙaruwa ta yi: hukumar ingancin kaya a 1971, hukumar NAFDAC ta abinci da magunguna a 1993, hukumar NESREA ta muhalli a 2007, ban da ma'aikatun jiha da na ƙaramar hukuma. Yawan hukumomin bai hana manyan masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano, masu aiki da sinadari maimakon bagaruwa, zuba dagwalonsu a kogi ba. Bai kuma hana musibar 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, can gabas da Kebbe ba, inda niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje ya watsa gubar dalma ta kashe yara wajen 400, kafin wani mai iko ya ce aikinsa ne ya duba.

Abin lura shi ne, ɗakunan bincike na zamani, irin na Vom da cibiyar binciken fata ta Samaru a Zariya da na tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, su ma wannan mas'ala ta wanda zai duba aiki ya kuma kare ma'aikaci ita ce a gabansu, domin wanda ke buɗe gawar dabbar da ake zaton ciwon saifa ya kashe ta, haɗarinsa ɗaya da na mahauci. Ƙa'idar da masana wannan fanni suka tsaya a kai ita ce, kula da sharar da ɗaki ke fitarwa, da kariyar ma'aikaci, da duba lafiyarsa, da tabbatar da sahihancin sakamako, a tattara su wuri guda yadda kowane zai san abin da ɗan'uwansa ya gani, amma jami'in da ke riƙe da su ya kasance yana kai rahoto ga shugaban cibiya kai tsaye, kada ya zauna ƙarƙashin wanda ake gaggauta wa aiki, kuma ya sami ikon cewa a dakata. A ganina wannan shi ne haɗa alherin Sarkin Fawa da na duba-gari, a bar aibin kowannensu.

A 2023 gwamnatin tarayya ta gargaɗi mutane game da cin ganda saboda ciwon saifa da ya ɓulla a ƙasashe maƙwabta, a watan Yuli na shekarar kuma aka tabbatar da shi a wata gona kusa da Suleja. Gargaɗin rediyo ba ya tsayawa a bakin mahauta da asuba; wanda ke tsaye a wurin, yau kamar jiya, Sarkin Fawa ne. Ya kamata majalisun Tambuwal da Kebbe su zaunar da sarakunan fawa da shugabannin majema tare da malamin dabbobi da jami'in tsabta, a ba su horo da safar hannu da takalmin roba, a yanka wa mai duba alawus daga asusun hukuma, a kuma tanadi diyya ga mahaucin da aka ce ya binne dabbarsa.