Yadda Fim Ya Nemo 'Yan Kallonsa a Kano

Ba banza ba gidajen sinima na farko a Kano suka tsaya a wajen ganuwa. Lokacin da Kwarori suka buɗe Rex a 1937, Turawan mulki sun riga sun karkasa garin. Birni na Sarki ne da malamai, Sabon Gari na baƙin da suka kwararo daga kudu tun isowar layin dogo a 1911, Fagge kuwa tsohon zangon fatake ne da ke tsakani. Gidajen da suka biyo baya, Eldorado a Sabon Gari, Plaza da Wapa a Fagge, sun tashi ne a yankin da mutanen Birni ke kira bariki, don haka sinima ta gaji sunan bariki tun kafin a duba abin da take nunawa. Da gobara ta cinye gidan sinimar El Duniya a 1951, mutum 331 suka rasu, da yawa suka ɗauki abin a matsayin ishara daga Allah.

Wannan tsangwama ita ta tace 'yan kallo. Samari ne da leburori da yaran kasuwa ke cika benci, macen da ta shiga kuwa ta sayar da mutuncinta a idon gari. Masu gidajen ba su da wata hanyar jin ra'ayin jama'a sai kuɗin ƙofa, kuma kuɗin ƙofar ya faɗa musu gaskiya: fim ɗin kaboyi da na Cana suna da masoya, amma na Indiya ne ke kawo cunkoso. Babu fassara, duk da haka Bahaushe ya gane auren dole da biyayya ga iyaye da kunyar budurwa, domin a gidansu ya baro su.

Babban juyi ya zo da kaset ɗin bidiyo. Daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990, fim ya daina jiran mutane a bakin ƙofa, ya bi su har ɗaka, inda ya tarar da matan aure, waɗanda dama rediyo da littattafan soyayya suka riga suka kama. Za a ce ai bidiyo ya kashe sinima a ko'ina cikin Nijeriya, sauƙin kuɗi ne kawai. Akwai gaskiya a nan, sai dai ba ta cika ba. A Kano ba tsofaffin 'yan kallo ne suka koma gida ba, sababbi aka samu, waɗanda sinima ta yi shekara hamsin ba ta isa gare su ba. Shaidar tana cikin labaran kansu, domin kishi da saki da uwar miji da rabon gado ne suka mamaye su. Dillalan kaset na Ƙofar Wambai da Bata, masu ganin abin da ake saye, su ne a lokacin ke gaya wa furodusa abin da zai karɓu.

Masu cewa rawa da waƙar finafinan kwaikwayon Indiya ne, kuma suna taɓa tarbiyya, ba su yi ƙarya ba, kuma bai dace a raina damuwar iyaye ba. Amma zafin kukan shi kansa hujja ne. Muddin abin yana Fagge da Sabon Gari, hana yaro zuwa ya wadatar. Da ya shigo tsakar gida sai gwamnatin jiha ta dakatar da harkar a ƙarshen 2000, ta kafa hukumar tace finafinai a 2001.

Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014, da shirye-shirye masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So a YouTube, wannan turba suka bi. Duk mai neman kunnen Kanawa a yau, furodusa ne ko mai talla ko jami'in wayar da kai, ya fara da tambayar ko saƙonsa zai iya shiga ɗakin uwargida ba tare da an ji kunya ba.