Ƙyallen Ɗorawa da Fushin 'Yan Kallo: Tarihin Dokar Kare Majefin Ƙwallo a Amurka

Ranar Lahadi 9 ga Oktoban 2022, a birnin Tampa na jihar Florida, saura kamar minti uku a tashi wasa, masu masauki Tampa Bay na da maki 21, baƙinsu Atlanta Falcons na biye da 15. Grady Jarrett, wani ƙaton mai tsaron baya na Atlanta, ya ratsa ta tsakanin masu tare hanya, ya cafki Tom Brady, majefin ƙwallon Tampa, ta ƙugu, ya juya da shi suka zube ƙasa. Bai taɓa masa kai ba, bai hari gwiwarsa ba. Da an bar abin haka, da ƙwallo ta koma hannun Atlanta da sauran lokacin neman nasara. Sai ga ƙyalle mai ruwan ɗorawa a kan ciyawa. Alƙalin wasa Jerome Boger ya ce Jarrett ya yi jifa da Brady ba gaira ba dalili. Aka ba Tampa yadi 15 da sabuwar dama, suka riƙe ƙwallo har lokaci ya cika.

Kashegari da dare abin ya maimaita kansa a Kansas City. Chris Jones na masu masauki ya cim ma Derek Carr na ƙungiyar Raiders ta baya, ya fizge ƙwallon daga hannunsa tun suna kan faɗuwa, har ya dafa ƙasa da hannu guda don rage nauyinsa. Duk da haka alƙali Carl Cheffers ya ce ya danne Carr da jikinsa, aka mayar wa Raiders ƙwallo. Filin Arrowhead ya kaure da ihu, 'yan kallo suka yi ta yi wa alƙalai ature har aka tafi hutun rabin lokaci.

Ga wanda bai saba da ƙwallon Amurka ba, tsarinta a taƙaice shi ne: mutum 11 a kowane ɓangare, kuma masu riƙe da ƙwallo na da dama huɗu su ci yadi goma. In sun ci a sabunta musu damar, in sun kasa ƙwallo ta koma wa abokan hamayya. Uban tafiyar shi ne kwatabak, wato majefin ƙwallo, wanda ke karɓarta a farkon kowane hari ya duba wanda zai cilla wa. A daidai lokacin jifan idonsa na can nesa, hannunsa a sama, haƙarƙarinsa a buɗe, ga ƙarti masu nauyin kilo 130 ko fiye suna nufo shi a guje. Dokar da ake ta tada jijiyar wuya a kanta ita ce wadda ta hana a far masa fiye da kima, kuma hukuncinta yadi 15 ne da sabuwar dama kyauta.

Dokar tsohuwa ce. Shi kansa jifan ƙwallo gaba sai a 1906 aka halatta shi, bayan kakar 1905 da aƙalla 'yan wasa 18 suka mutu, har Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan jami'o'in Harvard da Yale da Princeton fadar White House don a yi wa tufkar hanci. Hukumar NFL, wadda aka kafa a 1920, ta sassauta ƙa'idar jifa a 1933. A 1937 Sammy Baugh ya zo Washinton ya nuna cewa majefi na iya cika fili da 'yan kallo, ya kuma ci kofi a shekararsa ta farko. A wancan zamani ana iya bin majefi da duka ko da ƙwallo ta bar hannunsa, har sai an busa usur. A 1938 aka sa tarar yadi 15. Tun daga farko ke nan, tausayi da lissafin kuɗin ƙofa tare suka haifi dokar.

Daga nan kusan kowane ƙari da aka yi mata, raunin wani tauraro ne ya jawo shi. A Oktoban 1976 Joe Jones na Cleveland, wanda ake wa laƙabi da Turkey, ya ɗaga Terry Bradshaw na Pittsburgh ya kifa shi ta ka, aka fitar da shi a kan makara irin ta asibiti. A 1979 aka umarci alƙalai su busa usur da zarar majefi ya shiga hannu. Jack Lambert, abokin wasan Bradshaw ne kuwa a ƙungiya ɗaya, ya yi gatsen da har yau ake tunawa, cewa gara kawai a sa wa majefa rigar mata. A Nuwamban 1985 ƙafar Joe Theismann ta karye a ƙarƙashin Lawrence Taylor a idon miliyoyin masu kallon talabijin, bai sake buga wasa ba, alhali Taylor bai karya doka ba. Shekara guda bayan haka Charles Martin na Green Bay ya ɗauki Jim McMahon na Chicago bayan ƙwallo ta daɗe da tafiya, ya maka shi da ƙasa ta kafaɗa. An kore shi daga fili, aka dakatar da shi wasa biyu. Wannan kam babu mai hankalin da zai kare shi.

Sai aka gangaro kan gwiwa. Carson Palmer na Cincinnati ya tsinke jijiyoyin gwiwa a Janairun 2006, aka tsaurara hukunci kan kai hari ƙasa. Brady ya gamu da irin wannan a wasan farko na kakar 2008 a hannun Bernard Pollard, ya rasa shekarar baki ɗaya, aka ƙara ɗaure dokar a 2009, har mutane suka raɗa mata sunansa. A wannan tsakanin ne kuma binciken Dokta Bennet Omalu, likita ɗan asalin Najeriya da ya duba ƙwaƙwalwar tsohon ɗan wasa marigayi Mike Webster a Pittsburgh a 2002, ya tona irin ɓarnar da yawan buguwar kai ke yi. Dubban tsofaffin 'yan wasa suka maka hukumar a kotu, a 2013 ta amince da biyan dala miliyan 765, daga baya aka cire iyakar kuɗin. Ga kuma cinikin talabijin: yarjejeniyar 2021 ta haura dala biliyan 100, kuma majefa ne fuskar hajar. A 2024 albashin Dak Prescott na Dallas ya kai dala miliyan 60 a shekara.

Inda tura ta kai bango shi ne 2018. A Oktoban 2017 Anthony Barr na Minnesota ya faɗa kan Aaron Rodgers, ƙashin da ya haɗa wuyansa da kafaɗa ya karye, Green Bay ta kasa kai wa wasannin kifa-ɗaya-ƙwala. Tun 1995 akwai sharaɗin da ya hana a yi jifa da majefi a kuma danne shi da nauyin jiki. Hukumar ta raba abubuwan biyu, dannewa kaɗai ta zama laifi. Clay Matthews, abokin wasan Rodgers, ya ɗanɗana kuɗarsa, domin makonni uku a jere ana jefa masa ƙyalle. A mako na biyu Green Bay na gaba da 29 da 21, Jaire Alexander ya cafe jifan Kirk Cousins, wasa ya ƙare ke nan, sai aka soke saboda wai Matthews ya ɗaga Cousins kafin ya kayar da shi. Aka tashi 29 da 29. A mako na uku ya rungumi Alex Smith gaba da gaba, kansa a gefe kamar yadda ake koya wa yara, aka ce ya danne shi. A ranar ce kuma William Hayes na Miami ya tsinke jijiyar gwiwarsa garin ƙoƙarin kauce wa faɗawa kan Derek Carr. Carr da kansa ya ce da ma Hayes ya faɗa masa da ya ji wannan ciwo.

A nan nake ganin 'yan kallo na da gaskiya. Kare mutumin da ba ya iya kare kansa daidai ne, kuma masu begen zamanin Turkey Jones ba su ne ke kwana da ciwon kai suna da shekara hamsin ba. Amma sharaɗin nauyin jiki tamkar a ce wa ɗan kokawa ya kayar da abokin karawarsa amma kada ya bi shi ƙasa ne. Mutum mai gudu da dukan ƙarfinsa ba shi da birki a cikin iska. In ya sassauta majefi ya zille ya yi jifa, koci ya ci mutuncinsa, in ya ƙarasa kamun a ci ƙungiyarsa tara. Abin da ya fi damuna ma shi ne layin da ke cikin kundin dokokin, wanda ya umarci alƙali ya yanke laifi duk lokacin da yake kokwanto. Wato tun kafin a taɓa kowa an riga an karkatar da ma'auni. Sannan ga batun 'yan mowa da 'yan bora: mai gudu da ƙwallo ana iya danne shi mutum uku babu ƙyalle, kuma Webster da ƙwaƙwalwarsa ta tada duniya ɗan layin gaba ne, ba majefi ba. Hukuncin Jarrett da na Chris Jones sun zo ne kwanaki kaɗan bayan an fitar da Tua Tagovailoa na Miami daga fili a Cincinnati da buguwar kai, hukumar na shan suka ta ko'ina, shi ya sa da yawa suka ce huce haushi aka yi a kan masu tsaron baya.

Maganin da aka fi nema shi ne a bar alƙali ya duba bidiyo. Hukumar ta daɗe tana ja da baya, domin ta gwada haka da wani laifin daban a 2019, bayan kuskuren da ya hana New Orleans zuwa wasan ƙarshe, abin ya cakuɗe aka watsar bayan kaka ɗaya. Ƙungiyar Rams ta kawo shawarar a 2023, ba ta samu karɓuwa ba. Sai a 2024 aka ba jami'in bidiyo ikon ankarar da alƙali a kan abin da ido ke iya tabbatarwa, kamar ko an bugi kai ko ba a buga ba, amma batun nauyin jiki aka bar shi ga hukuncin wanda ke cikin fili. Ranar 18 ga Janairun 2025 aka jefa wa Will Anderson na Houston ƙyalle a kan Patrick Mahomes, majefin Kansas City, a wasan kifa-ɗaya-ƙwala, Kansas City ta ci maki uku a wannan harin, ta kuma yi nasara da 23 da 14. A wannan karon magoya bayan Arrowhead, waɗanda suka yi wa Cheffers ihu a 2022, su ne suka ci moriyar ƙyallen, sauran ƙasar kuma na zargin cewa Mahomes shafaffe da mai ne.