Kakata da Silsilar 'Yan Taru

Yau kwana arba'in ke nan da rasuwar kakata, wadda muke kira Inna. Allah Ya jiƙanta, Ya sa Aljanna ce makomarta.

An haife ta a wani ƙauye na ƙasar Sakkwato, a farkon zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya hau gadon sarauta a 1938. Ba ta shiga makarantar boko ba, amma farillan alwala da hukunce-hukuncen haila da na wankan gawa, duk ta haddace su a waƙe.

A wurin wata jaji ta 'Yan Taru ta koye su. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ita ta kafa wannan tsari. Takan naɗa wa dattijan mata malfa da jan rawani, su ɗauki karatu a wurinta, su kai wa matan karkara. Haka ilimin ya bi baki da baki har ya iso ɗakin Inna, inda matan unguwa kan kawo tambayoyin da kunya ke hana su yi wa malamai maza.

Na karanta fiƙihu a jami'a, amma babin tsarkin da nake koya wa ɗalibaina a Islamiyya, daga bakinta na fara jinsa. Abin da ba a rubuta daga gare ta ba kuwa, ya tafi tare da ita. Saboda haka, duk mai tsohuwa a gida, ya gurfana gabanta da alƙalami tun tana raye.