Nancy Wexler da Salsalar Tafkin Marakaibo: Yaya Ake Auna Tasirin Mai Bincike?

A jami'o'i an saba auna malami da yawan maƙalun da ya wallafa da kuma sau nawa wasu suka kafa hujja da su. Wannan ma'auni yana sauƙaƙa wa kwamitin ƙarin girma aiki, amma idan aka auna Nancy Wexler da shi za a tauye mata mudu. Ba ita ce ta zaƙulo ƙwayar gadon cutar Huntington a ɗakin gwaji ba; hasali ma digirinta na uku a ilimin halayyar ɗan Adam ta yi shi. Duk da haka tarihin gano ƙwayar ba ya bayuwa in an tsallake ta.

Cutar, wadda likita George Huntington ya bayyana a 1872, tana cinye ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Galibi takan ɓullo tsakanin shekara 30 da 50, bayan mutum ya riga ya hayayyafa: gaɓoɓi su riƙa fizga ba da son mai su ba, hali ya sauya, tunani ya dushe. Ba kamar sikila ba, wadda sai an gado ta wajen uwa da uba, a nan ɓangare ɗaya ya wadatar, kuma rabi da rabi ne ko ɗa zai gada. A 1968 aka tabbatar mahaifiyar Wexler tana da ita.

Tun shekarun 1950 likitan Benezuwela Américo Negrette ya lura cewa cutar ta yi katutu a ƙauyukan masunta na bakin tafkin Marakaibo. Wexler ta isa can a 1979, kuma daga 1981 ta riƙa jagorantar tawaga duk shekara har kusan shekaru ashirin. Abin da suka tara shi ne salsalar dangi guda mai mutum fiye da 18,000, zuriya goma, da samfurin jini sama da 4,000. Aikin bin gida-gida ne, ana tambayar wa ya haifi wa, ana neman amincewar mutanen da maƙwabta ke ƙyama. Abin da ya buɗe mata ƙofa shi ne ita ma 'yar gadon ce, kuma ba ta ɓoye musu ba.

Da wannan jini James Gusella na asibitin Massachusetts General ya gano a 1983 cewa ƙwayar tana kan kuromosom na 4. Sai da aka ƙara shekara goma kafin a kai gare ta. Maƙalar 1993 a mujallar Cell ta fito da sunan ƙungiya mai marubuta 58, domin gidauniyar da mahaifin Wexler ya kafa ta shawo kan ɗakunan gwaji masu gasa da juna suka riƙa musayar sakamako tun kafin wallafawa. Nan aka gane cewa haruffan CAG na cikin ƙwayar ne ke maimaituwa fiye da ƙima. Wanda nasa suka kai 40 cutar za ta same shi in ya yi tsawon rai.

Wani zai ce ganowa a ɗakin gwaji take, tara jini kuwa aikin ɗan aike ne. Ban yarda ba. Dabarar da Gusella ya yi amfani da ita wasu ma sun iya ta. Salsala mai wannan girma ce babu irinta. Kuma ba ta ƙare a 1993 ba. Daga cikinta aka nuna a 2004 cewa tsawon CAG kaɗai ba ya yanke shekarar da cutar za ta fara, akwai hannun wasu ƙwayoyin gado da na muhalli, abin da ya buɗe wani fagen bincike na daban.

Inda hujjar ke da rauni a wani wuri ne: tasirin ya amfani wa? Gwajin jini ya samu, amma akasarin masu gadon a Turai da Amurka ba sa yin sa, tunda sanin ba ya zuwa da magani. Wexler kanta ba ta bayyana cewa tana da cutar ba sai a 2020. A 2021 kamfanin Roche ya dakatar da babban gwajin maganin tominersen da aka ɗora wa buri. Masuntan da suka ba da jininsu kuwa, abin da ya iso gare su a zahiri shi ne gidan jinya da Wexler ta taimaka aka buɗe a Marakaibo a 1999, ga talauci nan yadda yake, ga 'ya'yansu na ci gaba da gadon cutar.