Dandali

Daga Barebari Hausawa suka aro wannan kalma. A Kanuri, "dandal" shi ne makeken filin ƙofar fadar sarki. A Kukawa, birnin da Shehu al-Kanemi ya kafa a 1814, dandal ne ya ratsa gari har zuwa fada. Har gobe a Maiduguri akwai titin Dandal, inda dawakai ke sukuwa ranar hawan Sallah, algaita na tashi, mahaya na jinjina wa Shehu.

Bahaushe ya ƙara wa kalmar wasali, ya kuma sauko da ita daga fada, abin da ya ƙara mata armashi: a ƙauye, dandali ne inda 'yan mata ke gaɗa da farin wata, samari na kewaye.

Yanzu Facebook ma dandalin sada zumunta ake ce masa.